BUBU HAMA, SHUGABAN MAJALISAR DOKOKIN NIJAR (1958 zuwa 1974)

Darasi a kan aikin shugaban majalisa, domin masu karatu na Babban Giji, Gyaɗi-gyaɗi da Tarauni, da sauran jama'a baki ɗaya

Jama'a, kowa a cikinku ya san sunan Gwamna, da yawa kuma sun san sunan ɗan majalisar da ke wakiltar Tarauni. Amma in aka tambayi mutum, mene ne aikin wanda ke zaune bisa babbar kujera a gaban majalisa, wanda muke kira Kakaki, sai ka ga ya yi shiru, ko kuwa ya ce ai shi ne mai buga guduma. To, wannan 'yar takarda an shirya ta ne don a bayyana muku nauyin wannan kujera. Maimakon dogon bayani, mun ga ya fi kyau mu kawo muku labarin wani mutum da ya zauna bisa irinta shekara goma sha biyar da 'yan watanni a ƙasar maƙwabtanmu ta Nijar, watau Bubu Hama.

Nijar ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, har ta fi Nijeriya girman ƙasa. Amma a wajen yawan jama'a ƙarama ce a wancan zamani, gama sa'ad da ta sami mulkin kai a 1960 mutanenta wajen miliyan uku ne. A ƙasa irin wannan, inda masu ilmin boko kaɗan ne, kuma kowa ya san kowa, halin mutum guda yana iya gyara majalisa ko ya ɓata ta.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Bubu Hama a 1906 a wani ƙauye da ake kira Foneko, kusa da Tera, can yammacin Nijar, ƙetaren kogin Kwara. Shi ba Bahaushe ba ne, mutumin Songai ne, 'yan'uwan Zabarmawa, ubansa kuwa shi ne mai garin. A lokacin nan Faransawa ba su daɗe da cin ƙasar ba, kuma sukan tilasta wa masu gari su ba da yara a sa su makaranta, kamar yadda Ingilishi suka yi a nan Arewa. Iyaye ba su so, don suna ganin yaron da ya shiga boko ya ɓace musu ke nan.

Yaron ya fara karatu a Tera, aka wuce da shi Dori, daga nan Wagadugu, su biyun yanzu suna cikin ƙasar Burkina Faso. Da aka ga ƙwazonsa sai aka aika da shi Sanagal, makarantar horon malamai ta William Ponty, wadda a sa'an nan take tsibirin Gore, daura da Dakar. Wannan makaranta matsayinta a ƙasashen Faransa kamar matsayin Kwalejin Katsina ne a wurinmu: ita ta fitar da yawancin mutanen da suka karɓi mulki daga hannun Turawa. Ya komo gida a 1929, ya zama ɗan Nijar na farko da ya fito da takardar malanta daga can.

Ya yi shekaru yana koyarwa. A cikin wannan aiki ya ɗauki wata al'ada da bai rabu da ita ba har mutuwarsa, watau duk inda ya je sai ya nemi tsofaffi da maroƙa da malamai, ya zauna gabansu, ya rubuta abin da suka sani na tarihi da tatsuniya. A 1954 aka ba shi riƙon ofishin binciken tarihi da al'adu na Faransawa da ke Yamai.

SHIGARSA SIYASA

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta buɗe wa talakawanta na Afirka ƙofar zaɓe. A 1946 waɗansu malaman makaranta da akawuna suka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, ita ce jam'iyya ta farko a Nijar, Bubu Hama na cikin manyanta. Jam'iyyar ta haɗa kai da babbar ƙungiyar RDA wadda aka kafa a Bamako cikin wannan shekara. Abokan tafiyarsa biyu da ya kamata ku riƙe sunansu su ne Diori Hamani da Jibo Bakari. Dukansu uku malaman makaranta ne, dukansu kuma William Ponty ta yaye su, amma Bubu Hama ya girme su.

Tafiya ba ta yi nisa ba sai aka sami saɓani. Jibo Bakari ya ware, daga baya ya shugabanci jam'iyyar Sawaba, wadda ƙarfinta ke wajen lebura da direbobi da 'yan tireda da sauran talakawan gari. Dattawan Kano ba za su ji wannan suna baƙo ba, gama ita ce kalmar da 'yan NEPU ta Malam Aminu Kano suke kirari da ita, kuma akwai zumunci tsakanin jam'iyyun biyu. A 1957 Sawaba ta kafa gwamnati, Jibo Bakari ne bisa kanta.

Ran 28 ga Satumba 1958 Janar De Gol ya sa aka jefa ƙuri'a a ƙasashen Faransa na Afirka: ko a ce I, a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a ce A'a, a karɓi mulkin kai nan take. Jibo Bakari ya ce A'a. Diori da Bubu Hama da yawancin sarakuna suka ce I, Gwamnan Faransa kuma ya jingina musu da dukan ƙarfinsa. Masu I suka rinjaya, gwamnatin Sawaba ta faɗi. Aka sake zaɓe cikin Disamba, PPN da abokanta suka kwashe yawancin kujeru sittin na majalisa. Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, Diori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama ya zama shugaban majalisa. Daga wannan lokaci bai sauka ba sai ranar da soja suka sauke shi.

MENE NE AIKIN SHUGABAN MAJALISA?

Kafin mu ci gaba, bari mu dakata mu duba abin da ake nema ga mai wannan kujera. Faransawa suna ce masa shugaban majalisa, mu kuwa a yau muna cewa Kakaki, amma aikin ɗaya ne.

Na farko, shi ke ba da izinin magana. Ba wanda zai tashi ya yi jawabi sai ya yarda masa. Saboda haka wajibi ne ya ba wanda yake so da wanda ba ya so, ya ba na gwamnati da na hamayya.

Na biyu, shi ke tsare ƙa'idar zama. Doka ba ta wucewa sai an karanta ta, an yi mahawara, an jefa ƙuri'a, an ƙidaya daidai.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne garkuwar majalisa a gaban masu mulki. Aikin majalisa shi ne ta yi doka, ta yarda ko ta ƙi yarda da yadda za a kashe kuɗin jama'a, ta kuma kira ma'aikacin gwamnati ta tambaye shi abin da ya yi. In shugabanta ya zama ɗan aiken mai mulki, waɗannan ayyuka uku sun mutu, ko da ana zama kullum.

Akwai wani tsohon labari na Ingila da ke nuna wannan. A 1642 Sarki Charles na Ɗaya ya shiga majalisa da kansa, da dakaru a bakin ƙofa, yana neman ya kama wakilai biyar. Ya tambayi shugaban majalisa, William Lenthall, ina suke. Mutumin ya durƙusa cikin ladabi, amma ya ƙi nunawa, ya ba da hanzari cewa shi baran majalisa ne, ba ya faɗin kome sai da umurninta. Har yanzu al'adar Ingila ita ce wanda aka zaɓa Kakaki sai ya ajiye jam'iyyarsa.

MAJALISA MAI BAKI ƊAYA

To, yaya Bubu Hama ya riƙe tasa kujera? A nan ne labarin ya yi nauyi.

Abu na farko, bai ajiye jam'iyya ba. Shi ne ma shugaban PPN tun 1956, ya kuma haɗa da riƙon magajin garin Yamai shekaru da dama. Mutanen Nijar sun san mulkin ƙasar a hannun mutum uku yake: Diori Hamani, da Bubu Hama, da Jambala Maiga, ministan harkokin cikin gida, dukansu kuwa daga yammacin ƙasar suka fito. Ashe ke nan wanda aka ɗora wa tsaron majalisa daga masu mulki shi kansa ɗaya ne daga cikin masu mulkin.

Abu na biyu, hamayya ba ta daɗe a zauren ba. 'Yan kujerun da Sawaba ta samu a zaɓen 1958 an soke su, a 1959 kuma aka haramta jam'iyyar ɗungum. Jibo Bakari ya yi gudun hijira, mutanensa suka watsu, waɗansu Mali, waɗansu Gana, waɗansu kuwa nan Kano suka fake. Sa'ad da Nijar ta sami cikakken mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ce tak a majalisa. A zaɓen 1965 da na 1970 jerin sunaye guda aka kawo wa jama'a, na PPN, kujeru hamsin, ta kuma cinye hamsin ɗin. Wanda ke son kujera ba talakawa zai roƙa ba, shugabannin jam'iyya zai roƙa, domin su ke rubuta jerin.

Mutanen da aka hana magana a zaure sai suka nemi wata hanya, wadda ba ta haifar da alheri ba. A ƙarshen 1964 'yan Sawaba suka shigo ta kan iyakoki da makamai, gwamnati ta murƙushe su da tsanani, aka harbe waɗansu a bainar jama'a, aka ɗaure da yawa. Cikin Afrilu 1965, ranar Babbar Salla, wani ya jefa gurneti a filin idi na Yamai yana nufin Diori, bai same shi ba. Daga nan tsoro ya ƙaru a kowane gefe, baki ya ƙara rufuwa.

Adalci ya sa mu faɗi cewa ba Nijar kaɗai ta bi wannan hanya ba. Yawancin sababbin ƙasashen Afirka sun koma jam'iyya ɗaya, shugabanninsu suna cewa ƙasa jaririya ce, gardama za ta raba ta. A Kwaddibuwa, Philippe Yacé ya riƙe shugabancin majalisa shekara ashirin bisa irin wannan tsari. Hujjar tana da ɗan ƙarfi, gama Nijar ƙasa ce mai kabilu da yawa, ga talauci, ga nisa tsakanin gari da gari. Amma ku dubi abin da ya biyo baya.

FARI DA JUYIN MULKI

Tun daga 1968 damina ta soma gazawa a ƙasashen bakin hamada, abin ya kai matuƙa a 1973. Dabbobi suka mutu garke garke, rumbuna suka bushe, Buzaye da Fulani da manoma suka bar gidajensu suka nufi birane. Dattawanku na Gyaɗi-gyaɗi da suka ga wannan shekara za su gaya muku irin baƙin da suka kwararo Kano daga arewa, gama mu ma farin bai bar mu ba.

Ƙasashen waje suka aiko da hatsin taimako. Sai ƙorafi ya cika gari, ana cewa waɗansu manya suna karkatar da shi suna sayarwa. A irin wannan rana ake bukatar majalisa. Da akwai wakili guda daga Tawa ko Damagaram ko Maraɗi wanda kujerarsa ke hannun talakawansa, da ya miƙe ya ce, ina hatsin da aka aiko wa mutanena? Da shugaban majalisa ya ba shi izini, ya kuma kira minista ya amsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma majalisar Yamai ta riga ta saba da cewa to, ba ta zama wurin da ake jin kukan mai ɗakin ba.

Daren 15 ga Afrilu 1974 soja suka yi juyin mulki a ƙarƙashin Laftanar Kanar Saini Kunce. Cikin dalilan da suka bayar har da yadda aka riƙe sha'anin yunwa. Aka kama Diori, matarsa A'isha ta rasa ranta a daren, aka rushe majalisa, aka soke jam'iyya. Jama'a ba su fito sun kare majalisar ba, don ba su ɗauke ta tasu ba. Nijar ba ta sake zaɓen majalisar dokoki ba sai 1989, bayan shekara goma sha biyar.

Bubu Hama yana da shekara sittin da takwas aka kama shi, aka kai shi Agadas aka tsare. Bayan 'yan shekaru aka sake shi, ya rasu a Yamai cikin Janairu 1982.

ABIN DA YA BARI

Kada mai karatu ya zaci labarin mutumin nan ya ƙare a kan kujera. Yana da wani aiki dabam wanda soja ba su iya rushewa ba.

Duk tsawon shekarun da yake shugaban majalisa bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta littattafai masu yawa da Faransanci, a kan tarihin Songai da Zabarmawa, da Fulani, da Buzaye, da tatsuniyoyin Nijar. A 1967 ya fitar da littafi a kan tarihin Gobir da Sakkwato, watau tarihinmu ke nan. Littafinsa mai suna Kotia Nima, inda ya ba da labarin yaro ɗan ƙauye da ya tashi tsakanin tarbiyyar gida da ta Bature, ya sami babbar lambar yabo ta marubutan Afirka masu rubutu da Faransanci. Shi da Joseph Ki-Zerbo na Burkina Faso suka rubuta babi guda a littafi na farko na babban Tarihin Afirka wanda UNESCO ta buga.

Ya kuma bi malamai gida gida, ya aika mutane ƙasa ƙasa, ana tattaro tsofaffin littattafan Larabci da na ajami, ana saye ko a kwafa. Waɗannan takardu su ne tushen taskar da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ke riƙe da ita, mai ɗauke da rubuce-rubuce dubbai. Da ƙoƙarinsa aka buɗe gidan kayan tarihi na Yamai a 1959, wanda daga baya aka raɗa masa sunansa. Yana kuma cikin waɗanda suka tsaya har aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968.

Abin mamaki a nan shi ne, mutumin da ya fi kowa haƙurin sauraron tsoho a ƙauye, ya rubuta maganarsa kalma kalma don kada ta ɓace, shi ne ya shugabanci zauren da ba a sauraron mai cewa a'a. Allah kaɗai ya san zuciyar bawansa. Mu dai abin da ya bayyana muke aunawa: aikinsa na ilmi ya rayu, majalisarsa kuwa ta rushe a dare ɗaya.

DARASI GARE MU

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma mun ga majalisu sun rushe. Majalisar Jihar Arewa da ke zama a Lugard Hall, Kaduna, wadda Alhaji Umaru Gwandu ya shugabanta a zamanin Sardauna, soja suka rufe ta a 1966. Mun kuma ga ɗan Kano, marigayi Ghali Umar Na'Abba, ya riƙe Kakakin Majalisar Wakilai ta Tarayya daga 1999 zuwa 2003. Shekara huɗu ma bai cika ba, amma ana tunawa da shi domin majalisarsa ta yi ta ja da Shugaba Obasanjo, alhali jam'iyyarsu ɗaya. Saboda haka ba yawan shekaru ake dubawa ba. Abin dubawa shi ne, a zamaninsa majalisa ta iya tambaya, ta iya ƙi?

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ku makamai, ya kamata ku san su. Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da wakilai arba'in. Su ke zaɓen Kakaki daga cikinsu, ba Gwamna ke naɗa shi ba, kuma ba a tsige shi sai da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku na wakilai. Gwamnati ba ta da ikon taɓa kuɗin jiha sai majalisa ta amince da kasafi. Majalisa tana da ikon ta binciki kowace ma'aikata, ta kira mai riƙe da ita ya yi bayani. In kuwa wakili ya juya wa mutanensa baya, doka ta yarda su yi masa kiranye, muddin fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance, aka jefa ƙuri'a.

Amma doka a takarda ba ta aiki da kanta. Nijar ma tana da tsarin mulki a rubuce a zamanin Bubu Hama. Abin da ya rage naku ne. Ku san sunan wakilinku da inda ofishinsa yake. In magudanar ruwa ta toshe a unguwa, ko ajin makaranta ya yi yoyo, ko magani ya yanke a asibitin sha-ka-tafi, ku taru ku rubuta masa, ku ajiye kwafi, bayan wata guda ku koma ku tambaye shi ko ya kai maganar zaure. In kuka ji wakili ya yi wa gwamnati tambaya mai zafi, kada ku ce ya yi rashin kunya, aikin da kuka aike shi ke nan, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Ranar zaɓe kuma kada ku sayar da ƙuri'a, gama wakilin da ya sayi kujerarsa ba ku yake jin tsoro ba.

TAMBAYOYI DOMIN MAHAWARA A AJI

1. Waɗanne ayyuka uku ne ke kan shugaban majalisa? Wanne ya fi nauyi, kuma don me?

2. Wace illa ce ke cikin mutum guda ya haɗa shugabancin jam'iyya da na majalisa?

3. Me ya sa jama'ar Nijar ba su tashi kare majalisarsu ba a 1974?

4. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku abin da ya gani a farin 1973, ku rubuta shi kamar yadda Bubu Hama yake yi, ku kawo aji a karanta.

5. Wa ke wakiltar Tarauni a Majalisar Dokokin Jiha? Wace magana ɗaya kuke so ya kai muku?

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu shugabanni masu sauraro, ya ba mu ikon faɗin gaskiya cikin ladabi, amin.